Tauraron ƙwallo da kwalbar lemo: abin da dokar talla ta Birtaniya ta kama da abin da ya kuɓuce mata

Daga ranar 5 ga Janairun 2026, doka ta hana nuna tallar abinci da abin sha masu yawan sukari, gishiri ko kitse a gidajen talabijin na Birtaniya tsakanin ƙarfe 5:30 na asuba da ƙarfe 9 na dare. A intanet kuwa an hana duk irin wannan tallar da aka biya kuɗi aka saka, komai dare komai rana. Da labarin ya bazu, mutane da dama sun ɗauka shi ke nan, an raba taurarin wasanni da kamfanonin burga da lemon kwalba. Sai ga shi an ci gaba da buga gasar Zakarun Turai da sunan Pepsi da na soyayyen dankalin Lay's a allunan gefen fili, gasar League Cup ta Ingila tana nan da sunan Carabao, wanda lemon ƙara kuzari ne daga Tailan, McDonald's da Coca-Cola kuma suna cikin jerin masu ɗaukar nauyin Kofin Duniya na 2026. To me aka hana ke nan?

Wane abinci ake nufi, kuma ina yaudarar take?

Dokar ba ta ambaci sunan kamfani ko ɗaya ba. Ma'auni take bi, wanda hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar ta tsara tun wajen 2004 zuwa 2005. Ana ɗaukar giram 100 na abincin, a ba shi maki gwargwadon sukarinsa, gishirinsa, daskararren kitsensa da yawan kalori, wato ƙarfin da yake ba jiki. Daga nan a rage masa maki idan yana da ganye, 'ya'yan itace, harza ko sinadarin gina jiki. Abincin da makinsa ya kai 4, ko abin shan da ya kai 1, shi ne ake kira marar cikakkiyar lafiya, muddin yana cikin rukunan da dokar ta lissafa: lemon zaƙi, alewa, cakulan, biskit, askirim, fiza, soyayyen dankalin leda, da abincin gidajen saya-ka-wuce irin su burga da soyayyar kaza. A taƙaice dai, abin da Bahaushe ke kira kayan ƙwalam da maƙulashe.

Masu suka kan ce tallar da ake yi da taurarin wasanni yaudara ce, kuma kalmar ce ke rikita mutane, domin da wuya ka kama irin wannan talla da ƙarya ƙiri-ƙiri. Babu kamfanin da zai fito ya ce burga ce ta sa wane ya ci ƙwallo. Abin da ake yi shi ne a nuna ɗan wasan yana gudu, gumi na tsatsafo masa, ya zura ƙwallo a raga, jama'a su ruɗe da ihu, sai hoto ya juya a gan shi yana ɗaga kwalba mai raɓa yana murmushi. Ba a faɗi komai ba, amma an jera lafiya da ƙarfi da nasara kusa da kayan sayarwa, an bar mai kallo ya haɗa da kansa. Babba yakan gane dabara ce. Yaro kuwa, kwamitin ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ya bayyana a 2004 cewa wanda bai kai shekara 7 zuwa 8 ba bai cika gane cewa manufar talla ita ce a sayar masa da wani abu ba. Ko waɗanda suka ɗan girma suka gane, ganewar ba ta hana su kwaɗayi.

Lissafin sukari kaɗai ya isa ya nuna tazarar da ke tsakanin hoton da gaskiya. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, kusan ƙaramin cokalin shayi tara. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ce kada yaro ɗan shekara 7 zuwa 10 ya wuce giram 24 a yini. Gwangwani ɗaya ya zarce rabon yini guda, tun kafin a zo ga shayin safe.

Tsohon ƙawance ne

Coca-Cola ta fara raka gasar Olamfik tun ta Amsterdam a 1928, kuma yarjejeniyarta ta yanzu za ta kai 2032. Allunanta suna filayen Kofin Duniya tun 1950, ta zama mai ɗaukar nauyin gasar a hukumance a 1978. McDonald's ta shiga ɗaukar nauyin Olamfik a 1976, Kofin Duniya kuma a 1994.

Abin da ya fi kusantar yara shi ne tsarin rakiya. Duk wanda ya kalli Kofin Duniya daga 2002 zuwa 2018 ya ga wannan: 'yan wasa 22 na fitowa daga ɗakin shiri, kowanne riƙe da hannun ƙaramin yaro ko yarinya, yaran sanye da riga mai launin ja da rawaya da tambarin McDonald's. Wasa 64 ake yi a gasar a wancan lokaci, ke nan yara 1,408. Ga yaron da aka zaɓa, rana ce da ba zai manta ba har ya tsufa. Ga miliyoyin sa'anninsa da ke kallo a gida, hoto ne na yaro kamarsu tsaye gaban Messi ana rera taken ƙasa, da tambarin gidan burga a ƙirjinsa. Ba a nuna ko loma ɗaya ta abinci ba.

A Olamfik ta Landan a 2012 aka yi ce-ce-ku-ce mafi zafi, lokacin da McDonald's ta gina reshe mai kujeru 1,500 a harabar wasannin, mafi girma da ta taɓa yi a lokacin. Gamayyar kwalejojin likitoci ta Birtaniya ta fito ta ce wannan saƙo ne marar kyau a ƙasar da ƙiba ke addabar yara. A 2017 kamfanin ya janye daga Olamfik shekara uku kafin wa'adinsa ya cika, ya ce sake tsarin kasuwanci ne ya sa.

Akwai labarin da masu kare kamfanoni ke yawan kawowa. Usain Bolt ya ba da labari da kansa cewa a gasar Beijin ta 2008 gutsattsarin soyayyar kazar McDonald's ya riƙa ci, wajen guda 100 a rana, saboda bai saba da abincin Sin ba, kuma a gasar ce ya kafa tarihin duniya a tseren mita 100 da 200. Labarin gaskiya ne, sai dai kwana goma ne cikin rayuwar saurayi ɗan shekara 21 da ya yi shekaru yana atisaye kullum. Ɗan wasa irinsa yana ƙona abin da yaron firamare ba zai ƙona rabinsa ba, kuma manyan ƙungiyoyi a yau suna da ma'aikata na musamman da ke auna wa 'yan wasa abin da za su ci. Sau tari abin da tauraro ke riƙe da shi a talla yana cikin abubuwan da ake taƙaita masa a sansani.

Abin da bincike ya gano

A 2013 mujallar likitocin yara ta Amurka ta buga binciken da Marie Bragg da abokan aikinta na jami'ar Yale suka yi kan fitattun 'yan wasa 100. Sun ƙirga kayayyaki 512 da waɗannan taurari ke tallatawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu abinci ne da abin sha. Cikin nau'in abinci 62, kashi 79 cikin ɗari masu yawan kalori ne da ƙarancin amfani ga jiki. Cikin abin sha 46, kashi 93 cikin ɗari duk ƙarfinsu daga sukarin da aka zuba ne. LeBron James, Peyton Manning da Serena Williams ne suka fito a sahun gaba, kuma matasa 'yan shekara 12 zuwa 17 sun fi manya ganin tallace-tallacen.

Wannan ya nuna me ake tallatawa. Ko tallar tana canja abin da yaro ke ci? A nan gwajin jami'ar Liverpool, shi ma na 2013, ya fi ba da haske, kuma shi ne ya fi dacewa a riƙe idan ana son fahimtar gardamar da ake yi kan sabuwar dokar.

Emma Boyland da tawagarta sun tara yara 181 'yan shekara 8 zuwa 11. Wasu aka nuna musu tallar soyayyen dankalin Walkers wadda Gary Lineker, tsohon ɗan wasan gaba na Ingila, ya fito a ciki. Ya yi wa kamfanin talla tun tsakiyar shekarun 1990. Wasu aka nuna musu Lineker yana gabatar da shirin ƙwallo na BBC, babu dankali, babu talla. Sauran aka nuna musu wasu tallace-tallace daban. Bayan haka aka ajiye wa kowa kwano biyu na dankali, ɗaya an rubuta Walkers, ɗaya an rubuta na kanti. A gaskiya duk Walkers ne a ciki. Yaran da suka ga tallar sun fi cin na kwanon Walkers, wanda ba abin mamaki ba ne. Amma waɗanda suka ga Lineker yana sharhin ƙwallo kawai, su ma haka suka yi. Fuskarsa ta riga ta zama tallar. Da zarar an ƙulla tauraro da kaya a zuciyar yaro, duk inda tauraron ya bayyana yana yi wa kamfanin aiki kyauta.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Kamfanoni da ƙungiyar masu harkar talla suna da hujjoji uku da ba za a yi watsi da su ba. Na farko, kayan halal ne a doka, kuma babu abinci guda da ke jawo ƙiba shi kaɗai; tsarin cin mutum gaba ɗaya da motsa jikinsa ne ke yi, kuma iyaye ne ke riƙe da kuɗi. Na biyu, kuɗinsu ne ke riƙe da wasanni har ƙasa. McDonald's ta daɗe tana ɗaukar nauyin ƙwallon yara a Birtaniya tun 2002, har da horo kyauta a unguwanni, kuma idan aka kore ta ba lallai gwamnati ta cike gurbin ba. Na uku, suna cewa amfanin hanin kaɗan ne. Sun riƙa kafa hujja da lissafin farko na gwamnati kanta, wanda ya nuna hanin talabijin zai rage wa kowane yaro ƙasa da kalori 2 a rana. Sun kuma ce sun ɗaure kansu da kansu tun 2006 a Amurka da 2007 a Turai cewa ba za su yi wa ƙananan yara talla kai tsaye ba, sun kuma ƙara ruwa, madara da 'ya'yan itace a abincin yara.

Likitoci da masu fafutuka sun amsa ɗaya bayan ɗaya. Alƙawarin kamfanoni ya shafi shirye-shiryen da aka yi don yara ne, alhali wasan ƙarshe na Kofin Duniya ba shirin yara ba ne a takarda, ko da yake yaran da ke kallonsa sun ninka masu kallon kowane zane mai motsi. Kan batun iyaye, sun ce ba daidai ba ne a kashe miliyoyi wajen cusa wa yaro kwaɗayi sannan a ɗora wa uwarsa laifin ta kasa cewa a'a a bakin kanti. Kan kalori 2, sun ce matsakaicin lissafi ne da ya haɗa yaron da ba ya kallon talabijin da wanda ke wuni gabanta. Gwamnatin Birtaniya ta ƙiyasta cewa dokar gaba ɗaya za ta cire kalori biliyan 7.2 daga abincin yara a shekara, ta kuma hana yara 20,000 kamuwa da matsananciyar ƙiba. Ƙiyasi ne, sai an yi shekaru kafin a gani a ƙasa.

Batun motsa jiki yana da tarihinsa. A 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa Coca-Cola ce ta ba da kuɗin kafa wata ƙungiyar masana da ke jaddada rashin motsa jiki a matsayin babban dalilin ƙiba fiye da abin da ake ci da sha. Kafin ƙarshen shekarar ƙungiyar ta rushe. Tun daga nan masu bincike ke kallon tallar wasanni a matsayin wannan saƙon a sabuwar riga: ci abin da kake so, ka dai yi gudu.

Su kuma 'yan wasan suna tsaka mai wuya. A ranar 14 ga Yunin 2021, a taron manema labarai na gasar Turai a Budapest, Cristiano Ronaldo ya ture kwalaben Coca-Cola biyu gefe, ya ɗaga gorar ruwa. Washegari Paul Pogba, wanda Musulmi ne, ya sauke kwalbar giyar Heineken daga gabansa. An yayata cewa Ronaldo ya jawo wa kamfanin asarar dala biliyan 4, amma masu nazarin kasuwa sun nuna cewa hannun jarin ya fara sauka tun kafin ya zauna kan kujerar. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta tunatar da ƙungiyoyi cewa akwai yarjejeniya da masu ɗaukar nauyi, sai dai ta yi sassauci ga masu dalilin addini kan kwalbar giya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi kansa Ronaldo ya yi wa gidan soyayyar kaza na KFC talla a ƙasashen Larabawa a 2013.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Yanzu a koma ga tambayar farko. Dokar Birtaniya kaya take hanawa, ba ta hana suna ba. Idan mai kallo zai iya gane takamaiman abinci marar cikakkiyar lafiya a cikin talla, an karya doka. Idan tambarin kamfani kawai aka nuna, da launinsa, da tauraro yana buga ƙwallo da yara, babu laifi. Gardama kan wannan sassauci ce ta sa aka ɗaga fara aikin dokar daga Oktoban 2025 zuwa Janairun 2026, bayan an riga an ɗaga ta daga 2023, don gwamnati ta rubuta shi ɓaro-ɓaro. Haka nan ba ta shafi allunan titi da rediyo ba, ba ta shafi abin da kamfani ya wallafa a shafinsa na kansa ba tare da biyan kuɗi ba, kuma an keɓe kamfanonin da ma'aikatansu ba su kai 250 ba.

Ga ɗan wasa, abin da ya canja shi ne: idan aka biya shi ya saka hotonsa riƙe da burga a Instagram don masu kallo a Birtaniya, wannan ya shiga hani. Idan tambarin gidan burgar yana jikin rigarsa ko allon da ke bayansa, bai shiga ba. Idan aka ajiye wannan kusa da gwajin Lineker, za a ga dalilin da ya sa masu fafutuka ke cewa an kashe maciji ba a sare kansa ba. Tallar wasanni tun asali ba ta dogara da nuna abinci ba.

Burger King ta nuna iyakar wayon a 2019. Ta ɗauki nauyin Stevenage, ƙaramar ƙungiya da ke can ƙasan rukuni na huɗu a Ingila, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Dalili kuwa, rigar ƙungiyar za ta shiga wasan kwamfuta na FIFA. Sai ta zuga masu buga wasan su ɗauki Stevenage, su sayo manyan taurari a cikin wasan, su saka bidiyon ƙwallayensu a intanet a ba su abinci kyauta. Aka wayi gari ga surar Messi da Neymar sanye da tambarin Burger King a wayoyin matasa, ba tare da an biya su ko sisi ba.

Yadda wasu ƙasashe suka ɓullo wa lamarin

Lardin Kwibek na Kanada ya hana yi wa 'yan ƙasa da shekara 13 talla tun 1980. Chile ta fara aiki da dokarta a Yunin 2016: baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk kayan da sukari, gishiri, kitse ko kalori suka yi wa yawa, da hana tallata su ga 'yan ƙasa da shekara 14, da hana saka abin wasa a ciki. Binciken da aka buga a 2020 ya nuna sayen lemon zaƙi ya ragu da kusan kashi 24 cikin ɗari, ko da yake tambari da hanin talla da hanin sayarwa a makarantu tare suka zo, ba a iya ware rabon kowanne. Meziko ce ta ambaci 'yan wasa ƙarara a dokarta: daga Afrilun 2021, kayan da ke ɗauke da tambarin gargaɗi ba za a saka hoton ɗan wasa, fitaccen mutum ko zanen yara a jikinsu ba. A Landan, hukumar sufuri ta cire irin wannan talla daga jiragen ƙasa da motocinta a 2019, kuma bincike ya gano gidaje sun rage sayen irin abincin da kimanin kalori 1,000 a mako idan aka kwatanta da abin da aka yi hasashe.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a 2010 ta ba da shawara kawai, a Yulin 2023 ta ce dokar tilas ake buƙata. Alƙalumanta sun nuna yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 masu nauyi fiye da kima sun tashi daga kashi 8 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 20 a 2022, sama da miliyan 390.

Abin da ya shafi mai kallo a Kano ko Maraɗi

Dokar ƙasa tana tsayawa a kan iyaka, hoton wasa ba ya tsayawa. Daren gasar Zakarun Turai a gidan kallo, bencin gaba yawanci na yara ne, waɗanda suka haɗa kuɗin shiga da kyar, ga mai sayar da lemo da bokitin ƙanƙara a bakin ƙofa. Allon gefen fili da ɗan Landan ke gani shi suke gani, tallar Pepsi da Messi da Mohamed Salah suka fito a ciki ita ma ta iso wayoyinsu. McDonald's ba ta da reshe a Najeriya, burga kuma ba abincin talaka ba ce. Kayan da wannan talla ke sayarwa a nan su ne lemon kwalba, lemon ƙara kuzari da biskit, waɗanda ake samu a kowane shago.

Ƙawancen ma yana nan a gida. Makarantar ƙwallo ta Pepsi, wadda Kashimawo Laloko ya kafa a 1992, ita ta yaye Mikel Obi, kuma Milo ta daɗe tana ɗaukar nauyin gasar ƙwallon kwando ta makarantun sakandare. Amfanin waɗannan a fili yake, kuma hujjar kamfanoni cewa babu mai cike gurbinsu ta fi ƙarfi a nan fiye da Turai. A ɗaya gefen, a Ostareliya Nestlé ta cire tambarin taurari huɗu da rabi na lafiya daga gwangwanin Milo a 2018, bayan an yi ƙorafin cewa an yi lissafin ne bisa zaton za a dama shi da madarar da aka cire wa kitse.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar tamowa ta fi ƙiba kashe yara nesa ba kusa ba, kuma har yanzu ana yi wa yaro mai ƙiba kallon ɗan gidan hutu. Saboda haka illar da ta fi kusa a nan ita ce ruɓewar haƙori, da kuɗin da ya kamata ya sayi ƙwai ko ƙosai ya tafi kan ruwan sukari, da sabon da kan biyo mutum har girma a garuruwan da ciwon suga da hawan jini ke ƙaruwa. Hukumar ARCON ce ke tantance talla a Najeriya, NAFDAC kuma ke kula da abin da aka rubuta a jikin kaya, amma babu wadda ke da iko kan allon da ke filin wasa a Madrid. Matakin da ya taɓa aljihu shi ne harajin da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemon zaƙi, naira 10 kan kowace lita, wato naira 5 kan kwalbar rabin lita.